Ga Magidancin da Siyasar Ƙasarsa Ta Hana Shi Barci

Wasiƙar da na zaɓa a wannan mako ta fito ne daga wani magidanci mai shekara 41, ma'aikaci, uban 'ya'ya uku, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Na taƙaita ta ba tare da na taɓa ma'anarta ba. Ga abin da ya rubuto:

"Tun da na isa jefa ƙuri'a ban taɓa fashin zaɓe ba. A zaɓen da ya wuce na yi wa wani ɗan takara aiki da jikina da aljihuna, na bi gida-gida ina roƙon mutane, domin na yi imani shi ne zai gyara ƙasa. Ya ci, yau kuma kunyar haɗa ido nake yi da waɗanda na roƙa. Albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, labarin sata da almubazzaranci kuwa kullum sabo ake ji. Kowane dare ina riƙe da waya har ƙarfe biyu, ina karanta labarai, ina musu da mutanen da ban san su ba. Matata ta ce na zama mafaɗaci, yara kuma suna shigewa ɗaki da zarar sun ji shigowata. Wata huɗu ke nan ba ma magana da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda har yanzu yana kare gwamnati, ni kuma na faɗa masa magana mai zafi a gaban iyalinsa. Likita ya ce jinina ya fara hawa. Na yanke shawarar ba zan sake yin zaɓe ba, tunda duk kanwar ja ce. Shin na yi kuskure? Kuma yaya mutum zai zauna lafiya a ƙasar da shugabanninta ba su damu da shi ba?"

Malam, na karanta wasiƙarka sau uku kafin na ɗauki alƙalami, kuma ba zan fara da ce maka ka yi haƙuri ka kawar da kai ba, domin wanda ya yi aiki wata guda cur amma bai iya riƙe gidansa da ladan aikin ba, alhali yana ganin waɗanda ya zaɓa suna fantamawa da dukiyar jama'a, yana da cikakken dalilin yin fushi. Ruwa ba ya tsami banza. Fushin nan naka shaida ce cewa har yanzu zuciyarka tana bambance daidai da ba daidai ba, kuma na fi jin tsoron ranar da mutum zai ji an sace kuɗin asibiti ya ɗaga kafaɗa kawai ya wuce. Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne inda fushin yake sauka. Shugaban da ka yi wa wahala bai san kana yi ba, barcinsa yake yi har da minshari, amma matarka da 'ya'yanka da yayanka da jijiyoyin jininka su ne suke biyan bashin da ba su ci ba. Wannan shi ne Hausawa suke kira haushin kaza huce kan dami.

Bari in fara da kunyar da ka ce kana ji, domin ina ganin ita ce ƙayar da ta fi nutsewa. Ni ma na taɓa tsayawa a layi tun hantsi, na kuma ƙi barin rumfar zaɓe sai da aka ƙirga ƙuri'a ta ƙarshe da hasken waya, saboda wani ɗan takara da na ba shi amanata gaba ɗaya, kuma kafin shekara biyu na daina son jin muryarsa a rediyo. Don haka na san nauyin haɗuwa da wanda ka ce wa "ka yarda da ni, wannan daban ne". Sai dai ka duba da kyau: ka roƙi mutane ne bisa abin da ka sani a lokacin, ba ka karɓi ko sisi ba, hasali ma naka ka kashe. Wanda ya yi alƙawari ya saɓa, shi ne ya ci amana, kuma kunyar tasa ce. Idan ka haɗu da waɗanda ka roƙa, ba sai ka sauya hanya ba. Ka ce musu kai tsaye ka yi zaton alheri, zaton bai tabbata ba, kai ma abin ya shafe ka kamar yadda ya shafe su. Za ka tarar yawancinsu sun fi girmama wannan magana a kan ɓuya.

Amma akwai kuskure guda da nake so ka amsa wa kanka, wanda ni ma na yi shi. Ka ce ka yi imani shi ne zai gyara ƙasa. Babu mutum ɗaya da yake gyara ƙasa, komai kyawun niyyarsa, balle wanda niyyar tasa ma ba ta da kyau. Wanda ya shiga rumfa yana neman mai ceto, dole ya fito da karayar zuciya bayan 'yan shekaru, domin ya ɗora wa ƙuri'a nauyin da ba a yi ta don ta ɗauka ba. Zaɓe ɗaukar ma'aikaci ne na wa'adi, kuma babban ƙarfinsa yana wajen sallama: shi ne hanyar da talaka yake korar wanda ya gaza ba tare da an zubar da jini ba.

Abin da ya faru a Malawi ya isa misali. A zaɓen watan Mayun 2019 an bayyana shugaba mai ci, Peter Mutharika, a matsayin wanda ya lashe, amma aka tarar an goge alƙaluma a takardun sakamako masu yawa da farin ruwan gyaran rubutu an sake rubuta wasu. Jama'a suka shafe watanni suna zanga-zanga, 'yan adawa suka kai takardun gaban alƙalai, kuma a ranar 3 ga Fabrairun 2020 kotu ta soke zaɓen. Aka sake shi a watan Yuni, Lazarus Chakwera ya ci, mutane suka yi ta murna a tituna. Da a nan labarin ya tsaya, da sai ka ce ai sun sami mai cetonsu. Amma tsadar rayuwa da ƙarancin man fetur suka addabi ƙasar a zamanin Chakwera, kuma a watan Satumban 2025 waɗannan mutane suka sake fitowa suka kayar da shi, suka maido da Mutharika ɗin da suka kora. Ban kawo wannan don in ce sun yi zaɓi mai kyau a karo na farko ko na biyu ba, kuma talaucinsu bai gushe ba. Abin da nake so ka gani shi ne, duk wanda zai hau kujerar shugabancin wannan ƙasa daga yanzu ya san cewa jama'a suna iya sauke shi, domin sun yi sau biyu a cikin shekara biyar da 'yan watanni. Tsoron nan shi kaɗai ne linzamin da talaka yake riƙe da shi, kai kuma shi ne kake shirin saki.

Ka tambaye ni ko ka yi kuskure da ka yanke shawarar daina zaɓe. Amsata ita ce e, ka yi, kodayake na fahimci abin da ya kai ka. Kana ganin zamanka a gida hukunci ne a kan 'yan siyasa, su kuwa sauƙi ne ka kawo musu. A zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, wanda ya lashe kuma ya samu ƙuri'a ƙasa da miliyan 9. Babu wanda ya ƙi rantsar da shi don miliyan sittin da wani abu sun zauna a gida, kuma dokokin da gwamnatinsa take yi suna hawa kan wanda ya fito da wanda bai fito ba. Duk lokacin da masu zaɓe suka ragu, ƙuri'un da ɗan takara yake buƙatar saye ma raguwa suke yi, kuma rumfar da aka watse aka bari ta fi daɗin maguɗi a kan wadda mutane suka tsaya a kanta har aka liƙa sakamako. Ba na musun cewa ana maguɗi, ana kuma sayen alƙalai a wurare da yawa. Amma a Gambiya, Yahya Jammeh ya shekara 22 yana mulki da ƙarfe, har mutane suka ɗauka sai mutuwa za ta raba shi da kujera, sai ga shi a ranar 1 ga Disamban 2016 an kayar da shi da ƙananan duwatsun gilashi da masu zaɓe suke jefawa a cikin ganguna. A Senegal an sako Bassirou Diomaye Faye daga kurkuku kwana goma kafin zaɓen 24 ga Maris na 2024, ya kuma ci a zagayen farko. A Ghana a 2008, tazarar da ke tsakanin John Atta Mills da Nana Akufo-Addo a zagaye na biyu ba ta wuce ƙuri'a dubu arba'in da 'yan kai ba. Idan a ranar zaɓe ka duba ka ga babu wanda ya kwanta maka, ka zaɓi wanda ɓarnarsa za ta fi sauƙi, ko ka jefa don korar wanda ya gaza, amma kada ka yar da katinka.

Yanzu mu zo kan wayar, domin ita ce take cin lafiyarka a kullum. Ka kwatanta wa kanka daren jiya. Gida ya yi tsit, matarka ta juya baya ta yi barci, hasken waya yana dukan fuskarka, wani da ba ka san ko sunansa na gaskiya ne ba ya rubuta maganar da ta tafasa maka zuciya, ka rubuta amsa, ka goge, ka sake rubutawa da zafi, sannan ka zauna kana jiran ya mayar. Ƙarfe biyu ta buga, babu doka ɗaya da ta sauya, babu ɓarawo ɗaya da ya maido da abin da ya sata, shi ma abokin musun bai sauya ra'ayi ba, kai kuwa za ka tashi da ciwon kai ka tafi aiki. Ina so ka san cewa wannan ba raunin halinka ne kaɗai ba, an gina kafafen nan ne yadda abin da ya fi tayar da hankali zai fi yawo, domin daɗewarka a kansu ita ce hajar da ake sayar wa masu talla. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida na kamfanin, waɗanda suka nuna cewa daga 2017 manhajar tana ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, maki biyar a inda alamar "so" take da maki ɗaya wajen zaɓar abin da za a nuna wa mutane, kafin daga baya a rage. Wani bincike kuma da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2018, bayan sun bi diddigin labarai kusan 126,000 a Twitter, ya gano cewa labarin ƙarya yana isa ga mutum 1,500 da saurin da ya ninka na gaskiya kusan sau shida, kuma mutane ne suka fi yaɗa shi, ba na'urori ba. Ke nan wani kaso na abin da yake hana ka barci ma bai faru ba, ko bai faru yadda aka ba ka shi ba.

Ba kai kaɗai ne ka gaji ba. Rahoton cibiyar Reuters da ke jami'ar Oxford na 2024 ya nuna kashi 39 cikin 100 na mutanen da aka tambaya a ƙasashe da dama suna kauce wa labarai da gangan a wasu lokuta ko a mafi yawan lokaci, alhali a 2017 kashi 29 ne. Ba zan ba ka shawarar ka shiga cikin masu toshe kunne gaba ɗaya ba, domin jahiltar abin da ake yi da ƙasarka ba hutu ba ne. Ka ɗauki labari kamar magani, a kan ƙa'ida da lokaci. Rabin awa da safe ko da yamma, daga kafa biyu da ka san suna da editoci kuma suna gyara kuskurensu in sun yi, ya ishe ka sanin duk abin da ya kamata ɗan ƙasa ya sani. Da dare wayar ta kwana a wani ɗaki, ka kuma kashe ƙararrawar saƙonni. Musu da baƙi kuwa ka bar shi ɗungurum. Wasunsu ma biyansu ake yi don su tsokane ka. Kwanakin farko hannunka zai riƙa neman wayar da kansa, wannan ba abin mamaki ba ne, yana wucewa.

Sai dai na san cire waya kaɗai ba zai warkar da kai ba, domin asalin ciwon shi ne jin cewa ba ka da wani tasiri, kana kallon gida yana ci da wuta hannuwanka a ɗaure. A nan ne nake so in daɗe, saboda a ganina nan maganin yake. Duk hankalinka ya tafi kan fadar shugaban ƙasa da majalisar ƙasa, wuraren da muryarka ɗaya ce a cikin miliyoyi, ka bar matakin da muryarka take ɗaya a cikin ɗari ko hamsin. Makarantar da 'ya'yanka suke zuwa, ƙaramin asibitin da ya fi kusa da kai, famfon da aka ce an gyara, hanyar da aka ba da kwangilarta aka kafa allo aka tafi, kowannensu yana da layi a cikin wani kasafin kuɗi, yana da jami'in da ya sa hannu, yana da ɗan kwangila mai suna da adireshi. Ka tambayi kanka ko ka san sunan kansilanka, da ranar da ɗan majalisar mazaɓarka yake zama a ofishinsa na mazaɓa, da nawa aka ware wa makarantar yaranka a bana. Mafi yawanmu mun haddace sunayen ministoci da rigingimunsu, amma waɗannan tambayoyi uku sai su kayar da mu.

A jihar Rajasthan ta Indiya, a 1990, wasu leburori da ƙananan manoma suka kafa ƙungiya mai suna MKSS tare da Aruna Roy, wata mata da ta ajiye babban aikin gwamnati ta koma zama a ƙauye. Kukansu ƙarami ne: suna yin aikin gwamnati na haƙa da gina hanya, ana biyansu ƙasa da abin da doka ta tanada, in sun yi magana a ce takardu sun nuna an biya, in sun nemi ganin takardun a ce sirrin gwamnati ne. Da suka samu kofen wasu takardun da ƙyar, daga ƙarshen 1994 suka fara tara mutanen ƙauye a fili, wani ya tashi ya riƙa karanta jerin sunayen waɗanda aka ce an biya, ɗaya bayan ɗaya, da babbar murya. Sai a karanta suna, jama'a su ce ai wannan ya rasu shekaru da suka wuce. A karanta wani, mai sunan ya miƙe ya ce bai taɓa taka wurin aikin ba. A karanta kuɗin ginin da aka ce an kammala, kowa ya waiwaya ya dubi filin da babu ko tubali. Babu zagi, babu jifa, takarda ce kawai da shaidar idon mutane, amma har wasu shugabannin ƙauyuka suka maido da kuɗin da suka ci. A 1996 suka yi zaman dirshan na kwana 40 a garin Beawar suna neman a ba kowa damar ganin takardun gwamnati, jihar ta yi dokarta a 2000, ƙasar baki ɗaya kuma ta samu dokar 'yancin samun bayanai a 2005, wadda ta wajabta wa jami'i ya amsa tambayar ɗan ƙasa cikin kwana 30. Shekara goma sha biyar ke nan daga kukan ladan lebura zuwa dokar da mutum sama da biliyan ɗaya suke amfana da ita, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara tafiyar ba su iya karatu ba.

Irin wannan doka yanzu tana nan a ƙasashe fiye da 100. Suwidin ce ta fara tun 1766, Afirka ta Kudu ta yi tata a 2000, Najeriya a 2011 da wa'adin kwana bakwai, Ghana a 2019. Ka bincika abin da dokar ƙasarka ta ba ka, sannan ka zaɓi al'amari ɗaya tak, wanda kake iya zuwa ka gani da idonka, ka kuma nemi mutum huɗu ko biyar da abin ya shafa kamar kai, ko da ba jam'iyyarku ɗaya ba, har ma ya fi kyau in ba ɗaya ba ce, domin kada a ce adawa ce ta turo ku. Ku rubuta takarda gajera mai ladabi, ku tambayi nawa aka ware, wa aka ba aikin, yaushe ya kamata a gama. Ku kai da hannunku, ku sa a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kofenku, ku ɗauki hoton wurin aikin, ku ajiye komai a fayil ɗaya. In wa'adi ya cika ba amsa, ku sake rubutawa ku haɗa da kofen ta farko, ku aika wa ɗan majalisarku da wani ɗan jarida mai mutunci. Zan gaya maka gaskiya, sau da yawa za a yi banza da ku, wani lokaci a yi ta yi muku jeka-ka-dawo har ku gaji, kuma abin yana da haɗari a wasu wurare, domin a Indiyar ma an kashe mutane saboda tambayoyin da suka yi. Shi ya sa na ce kada ka tafi kai kaɗai, kada ka zargi kowa da abin da ba ka da takardarsa, kuma ka auna yanayin inda kake kafin ka ɗaga murya. Amma jami'in da ya san akwai mutum biyar masu fayil da suke dawowa kowane wata ba ya sakewa kamar wanda ya san jama'arsa a waya kawai suke fushi. Kai ma za ka ji bambanci a jikinka, domin awa biyu a mako da ka kashe a kan aji ɗaya da ruwa yake zuba a cikinsa ta fi sanyaya zuciya a kan awa ashirin na musu, ko da rufin bai samu ba tukuna. In kuma zaɓe ya ƙarato, ba a fafe gora ranar tafiya: ka duba sunanka a rajista da wuri, ka kuma yi tunanin zama ɗan sa-ido a rumfarka.

Na bar maganar yayanka zuwa nan ne don ita ce ta fi ta da mini hankali a duk wasiƙar. Malam, ka dubi 'yan siyasar da kuka ɓata a kansu. Wanda ya zagi wani a kan dandamali bara, bana ya sauya sheƙa sun rungumi juna, 'ya'yansu suna makaranta ɗaya, suna halartar hidimomin juna, gobe kuma in buƙata ta sauya su sake rabuwa ba tare da ko ɗaya ya rasa barci ba. Su sun ɗauki siyasa sana'a, ku kuwa kun bari ta shiga tsakanin mutum biyu da suka sha nono ɗaya. Gwamnatin nan tana da wa'adi, za ta tafi kamar yadda waɗanda suka gabace ta suka tafi, amma ranar da ciwo ya kwantar da kai, ko wani abu ya sami ɗaya daga cikin 'ya'yanka, wanda zai fara bugo ƙofarka shi ne wannan da ka yi wata huɗu ba ka gaishe shi ba.

Ka kuma yi masa adalci a zuciyarka. Shekaru kaɗan da suka wuce kai ne kake bin gidaje kana kare wannan tafiya da duk ƙarfinka, kuma da wani ya zage ka a lokacin, da ƙara kafewa za ka yi. Mutum ba ya sauka daga ra'ayinsa a gaban wanda ya kunyata shi, musamman a gaban matarsa da 'ya'yansa, kuma mai yiwuwa abin da yayanka yake karewa yanzu mutuncinsa ne fiye da gwamnati. Wataƙila ma tsadar da take cizonka tana cizonsa, amma ka toshe masa hanyar da zai amsa hakan. Ba na ce ka janye ra'ayinka ba, kana da 'yancinsa, kuma mai yiwuwa kai ne mai gaskiya. Abin da za ka nemi gafara a kansa shi ne kalaman da ka furta da wurin da ka furta su, kai ne ƙarami, kai ne kuma ka yi maganar, don haka tattakin naka ne. Kada ka aika saƙon waya, kada ka tura wani. Zumunta a ƙafa take.

Matarka kuma ta gaya maka gaskiyar da ba kowa zai gaya maka ba, ka gode mata, ka kuma shaida mata matakin da ka ɗauka game da wayar domin ta taimaka maka ka riƙe shi. Yaran da suke shigewa ɗaki ba su san komai game da kasafin kuɗi ba, abin da suka sani shi ne fuskar babansu ta sauya, kuma za su ɗauka laifinsu ne in ba ka nuna musu akasin haka ba. In ka dawo gida, ka ba su rabin awar farko kafin komai. Maganar hawan jini kuwa kada ka yi wasa da ita, domin ciwo ne da yake ɓarna a ɓoye ba tare da mutum ya ji alama ba, har ya taɓa zuciya ko ƙoda ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ka koma wurin likita a ranar da ya ba ka, ka gaya masa ba ka samun barci, in ya rubuta magani ka sha yadda ya ce ko da ka ji sauƙi. Idan kuma bayan ka rage labarai ka ga ƙuncin ya wuce mako biyu bai sassauta ba, abubuwan da kake jin daɗinsu a da sun daina yi maka daɗi, ka faɗa masa wannan ma ba tare da jin nauyi ba, domin yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa.

Duk abubuwan nan ba za su yiwu a mako ɗaya ba, don haka ka fara da na kusa. A daren yau wayar ta kwana a falo. A ƙarshen makon nan ka shirya ka tafi gidan yayanka a lokacin da ka san iyalinsa suna nan, tunda a gabansu aka yi ɓatancin. In ya fito, ka gaishe shi yadda ka saba gaishe shi tun kuna yara, ka ce: "Yaya, maganar da na faɗa maka ranar nan ba ta dace ba, na zo ka yafe mini." Kada ka ƙara da "amma", kada ka ɗauko zancen gwamnati ko da shi ya ɗauko. In ya yi maka sanyi-sanyi a zuwan farko, ka zauna kaɗan, ka tambayi lafiyar yara, ka yi sallama, ka sake komawa mako mai zuwa. In kun daidaita, ka tambaye shi ko zai shiga cikin mutum biyar ɗin da za su sa hannu a takardarku ta farko, sannan ka rubuto mini yadda kuka yi.